Take Na Abin Da Ke Ƙasansa Ne

A shagunan kwamfuta na Suleja, daga Hashimi har bakin kasuwa, kullum ana buga kundin ɗalibai da rahotannin ƙungiyoyi, kuma aibi guda ke ta dawowa: take yana lilo tsakanin sakin layi biyu, tazarar samansa daidai da ta ƙasansa, ko a tsince shi a gindin shafi alhali bayaninsa ya tsallaka shafi na gaba. Ido kan haɗa abin da ya kusanci juna, don haka take ya kamata ya jingina da rubutun da yake gabatarwa, filin da ke samansa ya kai kamar ninki biyu na wanda ke ƙasansa.

Wani zai ce ado ne kawai, tunda malamanmu sun yi ƙarnuka suna rubuta littattafai babu wannan fili. Haka ne, amma ba su bar mai karatu cikin duhu ba: da jan tawada suke rubuta babi da fasali, ido ya cafke su nan take. Da ɗab'i ya zo, baƙar tawada ta zama ita ce mai sauƙi, sai fili ya karɓi aikin ja. A zamanin da Abubakar Imam ke editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, tazara aba ce da ake taɓawa da hannu: siraran sandunan dalma mai jera haruffa ke cusawa tsakanin layuka, kowanne da awonsa. Awon yana nan cikin Microsoft Word, inda ɗigo 72 ke yin inci ɗaya, sai dai mai buga rubutu ya fi son danna maɓallin sauka layi sau uku. Da an ƙara jimla guda a sama, shafukan gaba duk sun wargaje, a sake bugawa, kuɗin takarda kuwa daga aljihun ɗalibi zai fita. Salon take da aka saita sau ɗaya, tare da umarnin kada ya rabu da layin da ke biye, ya kashe wannan matsala.

Batun ajiye take a tsakiya kuwa, masu kawo aiki na sonsa, kuma ya dace da katin ɗaurin aure ko bangon littafi. A cikin rahoto mai ƙananan kanu da yawa, gara a jera su a hagu, inda mai karatun boko ke fara kowane layi.