Farfaɗo da Tsofaffin Babura: Misali Daga Ingila

Gyaran tsohon babur iri biyu ne. Akwai ƙawatawa, inda makaniki kan sauya wa babur siffa domin shiga gasa. Akwai kuma farfaɗowa, wato mayar da shi tamkar ranar da ya fito daga masana'anta. Na biyun ya fi wuya, saboda galibi an daina ƙera kayan gyaran irin waɗannan babura, sai dai a ƙera su da hannu.

Alal misali, a watan Satumba na 2003, gobara ta ci babura kimanin 380 a gidan tarihin babura da ke kusa da birnin Birmingham. Kafin a sake buɗe gidan a Disamban 2004, makanikai sun farfaɗo da kimanin 150 daga cikinsu.