Kuɗin Ƙofa a Filin Kokowa: Wa Ke Shiga, Wa Ke Tsayawa a Waje?

Akwai wani dattijo da har yau ban manta da shi ba. Shekarun baya na iske shi tsaye a ƙofar wani filin kokowa tare da jikokinsa huɗu, yana ƙirga 'yan tsabar kuɗi a tafin hannunsa. Tun asuba suka taso daga wani ƙauye na arewacin Tawa. Ganga na tashi a ciki, duk sa'ad da 'yan kallo suka ɗauki ihu sai yaran su yi ɗage suna neman inda za su leƙa. Kuɗin bai kai na mutum biyar ba. Ya sayi tikiti biyu ya tura manyan ciki, shi kuma ya koma gindin katanga da ƙananan, suka kasa kunne ga rediyo, alhali tsakaninsu da fagen bai wuce jifa ɗaya ba.

Babu wanda ya zalunci dattijon nan da gangan. Mai sayar da tikiti aikinsa ya yi, mai tsaron ƙofa ma haka. Laifin yana ga tsarin da ke ƙirga kawuna kawai, yana ɗora wa yaron da bai kai shekara bakwai ba nauyin da ya ɗora wa ɗan kasuwa mai shago.

Daga dandali zuwa fili mai katanga

A ƙasar Adar, wato yankin Tawa, kokowa ba da kuɗi ta fara ba. In kaka ta yi, aka ɗaure dammunan hatsi aka cika rumbu, samarin wannan gari kan ɗauki makaɗinsu su nufi wancan gari. A dandali ake haɗuwa, tsofaffi a kan tabarmi, mata da 'yan mata a gefe guda, yara a gaba sun yi zaman dirshan cikin rairayi. Wanda ya ji daɗin kaye ya yi wa ɗan kokowa kari, ya yi wa makaɗi kari, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Mai shi ya ba da da yawa, maras shi ya ba da kaɗan ko ya yi tafi kawai, amma ba a taɓa cewa yaro ya koma gida don ba ya da ko dala ba.

A nan birnin Tawa ne aka ɗaga wannan wasa ya zama na ƙasar Nijar baki ɗaya. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka yi gasar farko ta Takobin Ƙasa, Kantu na Maraɗi ya lashe. Tun daga nan gasar ke zagaya jihohi. Yau jihohi takwas ne, kowace na kawo 'yan kokowa 10, su 80 ke nan, a shafe kusan kwana goma ana karawa safe da yamma, har a samu wanda bai faɗi ba a naɗa shi sarki, a miƙa masa takobi da doki da miliyoyin kuɗi. Tawa ta ba da nata gwarazan irin su Kadade, filinta kuma yana ɗauke da sunan Hamidin Mai Dare. Yaran yau sun tashi da sunan Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobi har sau shida.

Wannan ci gaba ne, babu shakka. Sai dai da aka zagaye fage da katanga aka yi masa ƙofa, tsohuwar ƙa'idar dandali, wato kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, ta tsaya a waje.

Lissafin magidanci

Mu yi lissafi da misali. A ce tikitin zama a rana dala ɗari ne, wato CFA 500. Ga mutum ɗaya wannan ba wani abu ba ne. To amma magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar, su bakwai, CFA 3,500 zai ajiye a yini guda. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 CFA 42,000 ne a wata, wato CFA 1,400 a yini. Ashe kallon yini ɗaya ya cinye masa guminsa na kwana biyu da rabi. Wannan kuwa mai albashi ne. Manomin da ke jiran abin da damina ta bar masa, sai ya auna hatsi daga rumbu ya kai kasuwa.

Irin wannan iyali kuwa shi ne gama-gari. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna macen Nijar na haihuwar 'ya'ya fiye da shida, kuma kusan rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Jihar Tawa kaɗai ta haura mutum miliyan 3 da dubu 300 a ƙidayar 2012. Farashin da bai yi la'akari da yara ba ya manta da rabin jama'a ke nan.

Ga mutumin ƙauye kuma kuɗin ƙofa ne na ƙarshe a jerin abin da zai kashe. Wanda ya taso daga Barmu, Kalfu, Afala ko Takanamat ya riga ya biya kuɗin mota zuwa da komowa, ya biya kabu-kabu daga tasha, ga abinci da ruwan sha. Na Tabalak da Abalak har da tunanin makwanci. Alhali waɗannan garuruwa su ne suka raini kokowar, daga dandalinsu ake tsamo samarin da ke wakiltar jiha.

Sannan ga wani abin da ke sosa rai a duk manyan taruka irin wannan: wuri mafi kyau, mai inuwa da kujera, da katin gayyata ake shigarsa. Girmama shugabanni da baƙi al'adarmu ce mai kyau, ba mai musun haka. Amma in katunan suka yi yawa, sai a wayi gari wanda ya fi kowa iya biya shi ne ba ya biya, talakan da ke rana shi ke ɗauke da nauyin ƙofa.

Yadda wasu suka yi

Ba mu kaɗai muka taɓa fuskantar wannan ba. A Ingila da Folan akwai wani tseren babura da ake yi a kewayayyen fili na ƙasa, mahaya huɗu su yi zagaye huɗu a kan babura marasa birki. Daga Ostireliya ya samo tushe, ya shiga Ingila a 1928. Masu shirya shi a Ingila sun ga 'yan kallonsu na tsufa, samari ba sa zuwa, sai da yawansu suka mai da hankali ga tikitin iyali: ƙananan yara su shiga kyauta ko da kuɗi kaɗan, manya biyu da yara biyu su sayi tikiti ɗaya mai rahusa. Lissafin kasuwa ne ya kai su ga haka. Sun gane cewa yaron da bai saba da ƙarar babur yana ƙarami ba, ba zai zo da kuɗinsa ba in ya girma.

A fagen ƙwallon ƙafa kuwa 'yan kallo ne da kansu suka tashi. A watan Fabrairun 2016 dubban magoya bayan Liverpool suka fice daga fili a minti na 77 na wasa, don nuna ƙin amincewa da tikitin fam 77 da aka shirya sanyawa. Cikin 'yan kwanaki masu kulob suka janye, suka ba da haƙuri. A shekarar ce kuma aka ƙayyade cewa tikitin baƙin magoya baya a babbar gasar Ingila ba zai wuce fam 30 ba.

Darasin ya dace da mu, amma rigar ba ta dace da jikinmu ba. Tikitin manya biyu da yara biyu an ɗinka shi ne don iyalin Turai. A Adar akwai gidan mata biyu da uku, akwai gidan da 'ya'yan wa da na ƙane ke ci a ƙwarya ɗaya. Uwa uba, lokacin kokowa shi ne lokacin biɗa. Da an gama girbi magidanta da samari sun kama hanyar Abijan, Najeriya, Libiya ko Aljeriya. Wanda zai riƙo hannun yaro zuwa fili sau da yawa kakansa ne, ko kawunsa, ko yayansa, ko mahaifiyarsa ita kaɗai. In aka ce rangwame sai ga uba da uwa da 'ya'yansu, to an cire mafi yawan waɗanda ake son taimaka wa. Don haka a wurinmu rangwamen ya rataya ga yaron, duk wanda ya kawo shi.

Abin da masu shiri za su ce

Wajibi ne a saurari ɗaya ɓangaren. Shirya gasa na cin kuɗi: masaukin 'yan wasa da abincinsu, alƙalai, makaɗa da mawaƙa, 'yan cali-cali masu sa dariya, jami'an tsaro, wuta da ruwa, gyaran fili. Fili kuma yana da iyakar abin da zai ɗauka. In aka buɗe ƙofa ga kowa ranar ƙarshe, turereniya na iya jawo asarar rai, kuma yara ne za su fara shan wahala. Za su kuma tambaya yadda za a gane shekarun yaro a inda da yawa ba su da takardar haihuwa.

Duk waɗannan gaskiya ne, kuma muna da darasi a gida. A 2006 Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Manufa ce mai kyau da ta ceci rayuka, amma jinkirin mayar wa gidajen likita kuɗinsu ya sa wasu suka rasa magani. Kyautar da ba a tanadi mai biyanta ba, ɗawainiya ce aka tura wa wani. Saboda haka duk mai kiran a yi rangwame, sai ya faɗi inda kuɗin zai fito.

Amsar tana nan. Takobin Ƙasa ba kamar kokowar Senegal ba ce, inda 'yan kasuwa ke shirya karawa su biya manyan 'yan wasa daga aljihunsu, su jira riba. Tamu hidimar ƙasa ce, gwamnati na sa kuɗi, kamfanoni na tallafawa don a ga sunansu a gidan talabijin na Télé Sahel, filayen kuma da dukiyar jama'a aka gina su. Dattijon da ke gindin katanga yana da rabo a cikin katangar da ta tare shi.

Hanyoyi biyar

Na farko, a raba yara gida biyu. Ƙanana su shiga kyauta in suna tare da babba, matsakaita su biya rabi. Ba sai an nemi takarda ba: a kafa sanda mai alama biyu a bakin ƙofa, tsawon yaro ya yanke hukunci a gaban kowa. Amma wanda zai shiga kyauta ma a ba shi tikiti, don a san yawan waɗanda ke ciki.

Na biyu, a yi amfani da kwanakin farko da karawar safe, lokacin da fili bai cika kamar na ƙarshe ba. A ware su ga iyalai da 'yan makaranta, na boko da na allo, da farashi mai sauƙi. Gurbin da ya wuni babu kowa bai kawo ko dala ba.

Na uku, inuwa ta tallafa wa rana. A ɗan ƙara kuɗin wurin zama mai rufi, a rage yawan katin gayyata, abin da aka samu ya cike giɓin tikitin yara. Wannan ita ce ƙa'idar kari ta dandali, an mayar da ita cikin tsari.

Na huɗu, a keɓe ɓangaren iyali mai ƙofarsa daban, da ruwan sha da makewayi. Mata da yawa ba kuɗi kaɗai ke hana su zuwa ba, har da cunkoson ƙofa. Tsofaffi da naƙasassu ma su bi ta nan, tsofaffin 'yan kokowa kuwa kada a taɓa tambayarsu tikiti.

Na biyar, a bayyana farashi tun da wuri a Muryar Sahel da gidajen rediyon karkara, a rubuta shi ɓaro-ɓaro a ƙofa, a kuma aika kason tikiti zuwa ma'aikatun magajin gari na karkara, don kada mutum ya yi doguwar tafiya ya faɗa hannun masu sayarwa a bayan fage. Bayan an tashi a gaya wa jama'a nawa aka tara, ina aka kai shi. Kamfanin da ke son a yaba masa kuma ya sayi tikiti dubu ya raba wa yaran ƙauye, zai ga albarkar da allon talla ba ya kawowa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau yaro na da waya a hannu, yana iya lissafa 'yan ƙwallon Turai kafin ya ambaci 'yan kokowar jiharsa. Talabijin na nuna masa kaye, amma ba ta sa masa ƙurar fage a hanci, ba ta girgiza masa ƙirji da ganga, ba ta nuna masa yadda wanda ya yi kaye ke ɗaga wanda ya faɗi su rungumi juna. A cikin fili ake koyon wannan, kuma daga cikin yaran da ke zaune a rairayi ake samun sarkin gobe.

Ina kira ga hukumar kokowa ta ƙasa, da ma'aikatar wasanni, da mahukuntan jihar Tawa, da sarakunanmu na Adar: a wannan gari aka fara ɗaga takobi a 1975, ya dace a wannan gari a fara tsarin da zai tabbatar ba a bar yaro a bayan katanga saboda talaucin gidansu ba. Ku zauna ku tsara shi tun kafin a sake kaɗa ganga.