Cunkoso Kan Na'ura Ɗaya: Matsalar da Ke Cinye Ribar Rumbun Bayanai

Kamfanin da ya kashe maƙudan kuɗi ya sayi rumbun ajiyar bayanai mai na'urori shida yana sa ran kowace za ta ɗauki rabonta na aiki. Amma sau da yawa akan tarar kwamfutocin ma'aikata sun yi dafifi kan guda biyu, sauran huɗun kuwa suna zaman kashe wando. Abin da kan biyo baya shi ne jinkiri wajen buɗe fayil, musamman a ƙarshen wata lokacin shirya albashi da rufe lissafi, har shugabannin kamfani su fara shawarar sayo ƙarin na'urori alhali ba a ci moriyar na hannu ba.

Rumbun Isilon, wanda kamfanin EMC na Amurka ya saya a shekarar 2010 kan kimanin dala biliyan 2.25, kuma kamfanin Dell ya canza masa suna zuwa PowerScale a 2020, yana da wani sashe da ake kira SmartConnect mai raba wannan aiki. Duk kwamfutar da ta nemi sunan rumbun, sai ma'ajin adireshi na ofis, wato DNS, ya miƙa tambayar ga SmartConnect, shi kuma ya ba da adireshin na'ura ɗaya. Yakan yi zaɓin ne ta hanyar karɓa-karɓa, ko kuma ta duba yawan masu hulɗa da kowace na'ura, ko yawan bayanan da ke wucewa, ko nauyin da ke kan ƙwaƙwalwarta.

Babbar kafar da matsala ke shigowa ita ce riƙe tsohuwar amsa. SmartConnect yana ba da adireshi da sharaɗin kada a ajiye shi, amma DNS na Windows yakan riƙe shi na daƙiƙa guda. Saboda haka idan ma'aikata suka kunna kwamfutoci lokaci ɗaya da safe, duk waɗanda suka yi tambaya cikin wannan daƙiƙa na'ura guda za a tura su.

Haka kuma wasu injiniyoyi kan rubuta lambar adireshin na'ura kai tsaye a maimakon sunan rumbun, abin da ke hana rabon aukuwa baki ɗaya. Ban da wannan, ana yin rabon ne kawai lokacin da kwamfuta ta fara haɗuwa da rumbun. Idan wata na'ura ta mutu sakamakon ɗaukewar wuta ko gyara, masu hulɗa da ita kan koma kan sauran, kuma ba lallai su dawo ba bayan ta farfaɗo, sai an sake daidaita adireshin ko sun sake haɗuwa.

Gwajin farko ba ya cin ko sisin kwabo: a nemi sunan rumbun sau goma da umarnin nslookup, ana ɗan dakatawa tsakani. Idan adireshi ɗaya ke ta fitowa a tsarin karɓa-karɓa, to laifin yana wajen DNS.

Sai dai ya kamata manajoji su lura cewa yawan masu hulɗa ba shi ne nauyin aiki ba, domin kwamfuta guda mai kwafar bayanan kamfani cikin dare tana iya fin ɗari na masu buga wasiƙu nauyi. Don haka kafin a sa hannu kan takardar sayen sabuwar na'ura da dala, ya dace a nemi sashen kwamfuta ya kawo alƙaluman aikin kowace na'ura na aƙalla wata guda.