Wa Ke Riƙe da Fayil ɗin Ma'aikaci? Ƙungiyoyin Ƙwadago a Tambuwal da Kebbe

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Shirinmu na musamman na yau zai ya da zango ne a kudancin jihar Sakkwato, a ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe. Batunmu kuwa shi ne ma'aikaci, da ƙungiyarsa, da wanda ya ɗauke shi aiki.

In ka baro Sakkwato ka kama hanyar Jega, ka wuce Boɗinga da Shagari, bayan tafiyar kusan kilomita 100 za ka iso Tambuwal. Kebbe tana kudu da ita, wajen iyakar Zamfara. Ƙasa ce ta noma da kiwo da fatauci. Babu wata katafariyar masana'anta da ake busa wa ma'aikata ƙaho da safe. Mai jiran albashin wata a nan, galibi ɗayan uku ne: ko ma'aikacin sakatariya, ko malamin firamare, ko ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibiti. Ke nan in ana zancen ƙungiyar ƙwadago a Dogon Daji ko Sanyinna ko Kuchi, ana nufin NULGE ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, da NUT ta malamai, da ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya.

Ranar 29 ga Yuli, 2024, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ba a kai nan cikin ruwan sanyi ba. Tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta tsaya nan ba. Ranar 3 ga Yunin 2024 manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, NLC da TUC, suka shiga yajin aiki a kan batun albashin, aka kashe wutar lantarkin ƙasa baki ɗaya, aka rufe filayen jiragen sama. Bayan an sasanta, gwamnatin Sakkwato ta Ahmed Aliyu ta ba da sanarwar fara biyan sabon albashin daga Janairun 2025.

Wannan kowa ya ji shi a rediyo. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tsakanin alƙalamin shugaban ƙasa da ƙarar alat a wayar masinjan sakatariyar Kebbe akwai tafiya mai nisa, kuma ita muke so mu bi yau.

(KIƊA)

MAI GABATARWA: Kafin nan, mu ɗan waiwaya, domin wannan yanki yana da hannu a tarihin ƙwadago fiye da yadda ake zato.

A zamanin En'e, malami ko akawu ko ɗan doka ba shi da wata ƙungiya da zai kai wa kuka. In an danne masa haƙƙi, sai ya nemi ubangida ya shige masa gaba. Lokacin da ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya suka yi babban yajin aikin 1945, wanda sunan Michael Imoudu ya fito a cikinsa, abin ya fi tsayawa a garuruwan da layin dogo ya ratsa. Wanda ya kawo wa malaman Arewa tunanin haɗa kai a ƙungiya shi ne Malam Aminu Kano, da ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948. A wannan tsakanin ne aka tura shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru, wadda a lokacin tana cikin lardin Sakkwato, kuma daga can ya ajiye aiki a 1950 ya shiga siyasa.

Dokar mafi ƙarancin albashi ta farko a Najeriya kuwa, maƙwabcinmu ne ya sa mata hannu, Alhaji Shehu Shagari, wanda shi ma da alli ya fara. A 1981 ke nan. NLC, wadda aka kafa a 1978, ta nemi naira 300 a ƙarƙashin Hassan Sunmonu, ta yi yajin aiki a watan Mayu, aka daidaita a kan naira 125. Kada mai saurare ya yi dariya. Naira 125 ta wancan lokacin ta kai kimanin dalar Amurka 200. Naira 70,000 kuwa, ranar da aka sa mata hannu, ba ta kai dala 50 ba. An bi ta 18,000 a 2011, an bi ta 30,000 a 2019, lamba na hawa, abin da take saya a kasuwa na sauka. A shekarar 1981 ɗin ce kuma ranar 1 ga Mayu ta zama hutun ma'aikata a ƙasa baki ɗaya, bayan gwamnatin Abubakar Rimi ta fara ba da shi a Kano a 1980.

(KIƊA)

MAI GABATARWA: To, mu dawo kan ma'aikacinmu. Tambayar da ta fi kowace nauyi a rayuwar aikinsa ita ce: wa ke riƙe da fayil ɗina?

A kamfani amsar mai sauƙi ce. Wanda ya ɗauke ka shi ke biyanka, shi ke ƙara maka girma, shi ke korarka. A ƙaramar hukuma ba haka abin yake ba. Tun gyaran 1976, wanda ya kawo ƙarshen tsarin En'e, aka shimfiɗa tsari iri ɗaya a ƙasa. Ƙananan ma'aikata, daga mataki na 1 zuwa na 6, ƙaramar hukuma ce ke kula da lamarinsu. Daga mataki na 7 zuwa sama, ɗauka da ƙarin girma da canjin wurin aiki da ladabtarwa suna hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi, wadda ke babban birnin jiha. Malamin firamare yana tsakanin ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar SUBEB. Kuɗin kuma, shekara da shekaru, sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya sa suna bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi.

Ka ga ke nan mutum yana aiki a Jabo, ciyaman ɗinsa yana Tambuwal, takardar ƙarin girmansa tana Sakkwato, kuɗin da za a biya shi kuma daga Abuja suka taso. In an ba shi takardar ƙarin girma amma bai gani a albashi ba, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa? Kowane ofishi yana da hanyar nuna masa na gaba, kuma sau da yawa ba ƙarya suke yi ba, tsarin ne haka. Shi kuwa kowace tafiya kuɗin mota ce daga aljihunsa.

A nan ne, a ganina, ake gane ƙungiya mai amfani da ta jeka-na-yi-ka. Yajin aiki na zuwa ne jefi-jefi. Abin da ke ci wa ma'aikaci tuwo a ƙwarya kullum shi ne ariyas da ya maƙale, da sunan da ya faɗi daga jerin biya bayan tantancewa, da giratutin dattijon da ya yi shekara 35 yana aiki. Tantancewa ba laifi ba ce, domin ma'aikatan bogi gaskiya ne, kuma kuɗin da suke kwashewa na masu aikin ne. Sai dai duk lokacin da aka yi ta, akan samu na gaske da ya faɗa ciki saboda harafi ɗaya ya bambanta tsakanin takardar ɗaukarsa aiki da ta banki. Shugaban reshen da ya ɗauki irin wannan fayil ya bi shi ofis-ofis har aka mai da sunan, ya yi wa mambansa abin da doguwar hira da 'yan jarida ba za ta yi masa ba. Kuma haƙƙi ne, ba alfarma ba, tunda kowane wata ana cire kuɗin ƙungiya tun kafin albashi ya iso hannun mai shi.

(KIƊA)

MAI GABATARWA: Wani abin da ba kowa ya lura da shi ba: NULGE da NUT duk 'ya'yan NLC ne, amma a kan 'yancin ƙananan hukumomi ba bakinsu ɗaya ba.

NULGE ta daɗe tana neman a riƙa tura wa kowace ƙaramar hukuma kuɗinta kai tsaye. Hujjarta ita ce in kuɗin Kebbe suka sauka a Kebbe, ma'aikaci ya san wanda zai tuhuma. Muhawarar ta daɗe, kuma 'yan wannan yanki sun zauna a tsakiyarta. Alhaji Ibrahim Dasuƙi, haifaffen Dogon Daji, shi ya shugabanci kwamitin da gwamnatin soja ta kafa a 1984 don duba tsarin ƙananan hukumomi, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1988. Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal daga 2003, shi ne Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, lokacin da aka saka batun 'yancin a gyaran tsarin mulki, majalisun jihohi suka ƙi ba da rinjayen da ake buƙata. Sai ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a biya ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye.

NULGE ta yi murna. Malamai kuwa sai gabansu ya faɗi, kuma suna da dalili. A 1991 gwamnatin Babangida ta rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa ta miƙa wa ƙananan hukumomi biyan malamai. Abin da ya biyo baya tsofaffin malamai ba su manta ba: watanni ba albashi a sassa da yawa na ƙasar, yajin aiki a kan yajin aiki, har aka dawo da hukumar a 1993. Shi ya sa NUT ke cewa a ba ƙananan hukumomi 'yancinsu, amma a ware albashin malamai tun daga tushe, kada ya bi ta hannun ciyaman.

Ni dai ina ganin kowannensu yana da gaskiyarsa, amma ta malamai ta fi tsoratarwa, domin su sun taɓa gani. Ciyaman nagari zai biya. Tsarin albashin dubban mutane kuwa bai kamata a jingina shi da halin mutum ɗaya ba.

(KIƊA)

MAI GABATARWA: Yanzu mu shiga cikin ofishin kansa. Littattafan kula da ma'aikata suna koyar da matakan ƙorafi: ka rubuta wa na sama da kai, in bai yi ba ka wuce gaba, har zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. An rubuta su ne da tunanin wurin da shugaba da ma'aikaci ba su san gidan juna ba.

A Tambuwal fa? Daraktan ma'aikata wataƙila surukinka ne. Hedimastan da ya rubuta maka takardar tuhuma, shi ya karɓa wa ƙanenka aure. Sahu ɗaya kuke yin sallar Asuba. Wannan kusanci yana da alherinsa, domin rigingimu da yawa da za su kai kotu a birni, a nan dattijo ɗaya ke kashe su a zaure bayan Isha'i. Amma yana da tsada. Wanda aka zalunta yana jin nauyin rubuta takarda, kada a ce ya kai ƙarar babba. Sai ya bi tsohuwar hanyar zamanin En'e: ranka ya daɗe, a taimaka. Abin da doka ta ba shi sai ya koma roƙo, in an yi masa kuma ya zama bashin godiya, wanda sau da yawa ranar zaɓe ake biyansa. Wanda ba shi da kowa a sama, shi ake turawa ƙauyen da babu mai son zuwa, musamman yanzu da matsalar tsaro ta sa wasu hanyoyin yankin iyaka suka zama abin fargaba. Malama ko ungozomar asibiti kuwa nata nauyin ya ninka, don ba kowace ce za ta iya shiga ofis cike da maza ta ɗaga murya ba.

Babban amfanin ƙungiya a irin wannan wuri shi ne ta cire sunan mutum daga kan ƙorafi. In sakataren reshe ya shiga ya ce malamai kaza ba su ga ƙarin girmansu ba, babu wanda ya yi wa surukinsa rashin kunya. Ma'aikaci ya samu haƙƙinsa, zumunci bai taɓu ba. Shugaba mai hankali ma ya fi son haka, don gara ya ji matsala daga bakin wakili da ya wayi gari ya tarar an sa wa ƙofa kwaɗo. Sai dai wannan ba ya yiwuwa in kwamared ɗin da kansa yana jiran wata alfarma daga wanda zai fuskanta. Shugaban ƙungiyar da ke hangen kujerar kansila ba zai iya ɗaure fuska a gaban ciyaman ba.

(KIƊA)

MAI GABATARWA: Akwai kuma waɗanda duk wannan zance bai kai kansu ba, kuma su ne mafi yawa. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba. Ba ta shafi mai aikin ɗan lokaci ba, ba ta shafi mai aikin gona na damina ko na rani ba. Ke nan mai yankan shinkafa a fadama, da yaron shago, da ɗan dako a kasuwa, da malamar ƙaramar makarantar kuɗi, da 'yan sa-kai da ke riƙe da wasu ƙananan asibitoci, duk suna waje. Ba wai ba su da tsari ba ne. Direbobi suna da NURTW a tasha, mahauta suna da Sarkin Fawa, maƙera suna da nasu sarkin, kuma waɗannan sun iya sasanta rikici tun kafin a san NLC. Amma aikinsu ya fi karkata ga tsara layi da farashi da raba gardama tsakanin masu sana'a. Ladan yaron da ke aiki a ƙarƙashin maigida, wannan an bar wa tsoron Allahn maigidan.

Dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba albashi daga shekara biyar zuwa uku, wato a 2027 za a koma teburi, shekarar zaɓe. Kwamitin da ke zama a Abuja ɓangare uku ne: gwamnati, da masu ɗaukar aiki, da ƙungiyoyin ƙwadago. Abin da wakilan ƙwadago za su ɗora a kan teburin daga rassa yake tasowa, kuma reshe ba ya aika abin da mambobinsa ba su kawo masa a rubuce ba: mutum nawa ne ke bin ariyas a Tambuwal, tsofaffi nawa ne ke jiran giratuti a Kebbe, malamai nawa ne suka shekara a mataki ɗaya.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)