Shirinmu na Yau: Makullin root Aronsa Ake Yi, Ba a Kwana da Shi a Aljihu

Yau maganar ta masu koyon Linux ce, musamman waɗanda aka damƙa wa amanar wata saba.

Bari in fara da abin da ya same ni. Ni ke kula da sabar da muke ajiye rajistar mambobin ƙungiyarmu, kuma don gudun ɗawainiya kullum da asusun root nake shiga. Shi root a Linux shi ne maigida. Lambarsa 0, in ya ce a goge abu, kwamfuta ba ta tambayarsa dalili.

Wata rana na ci karo da wani shel mai suna zsh, ga launuka ga kwalliya. Shel dai ita ce manhajar da ke karɓar umarnin da kake rubutawa a baƙin allon nan ta aiwatar. Na ce ai maigida ya cancanci wannan, na sauya wa root daga bash zuwa zsh. Bayan wata biyu ina share manhajojin da ba na buƙata, na haɗa da zsh ban lura ba. Washegari na zo shiga, saba ta ce ba ta san zancen ba. Dalili? A fayil ɗin /etc/passwd an rubuta cewa root da zsh zai shiga, ga shi kuma babu zsh. Ranar kuwa muna da taro, ana jiran sunaye a hannuna. Wallahi sai da na yi gumi.

Abin da ya cece mu, ƙaramin asusun abokin aikina ne mai izinin sudo. Da shi muka rubuta sudo usermod -s /bin/bash root, ƙofa ta buɗe.

To, darasi na farko ke nan: ka bar wa root shel ɗin da tsarin ya zo da shi, bash ne ko sh. Kwalliya ka yi ta a asusunka na kanka.

Na biyu, kada ka zauna a matsayin root. Ka shiga da asusunka, in aiki na buƙatar iko ka sa sudo a gaban wannan umarnin kaɗai. Kalmar sirrinka zai tambaya, ba ta root ba, kuma yana rubuta wanda ya yi me da lokacin da ya yi. A Ubuntu ma asusun root a kulle yake zuwa, sudo kuma yakan sake tambayarka bayan minti 15.

In aikin da yawa ne, sudo -i zai buɗe maka shel na root. Ka duba alamar da ke ƙarshen layi: $ kai ne, # maigida ne. Kana gamawa ka rubuta exit.

Na uku, fayil ɗin /etc/sudoers da visudo kawai ake gyara shi, domin yana duba kuskure kafin ya adana. In saba ce mai SSH, ka sa PermitRootLogin no a sshd_config, amma sai ka tabbatar asusunka na sudo yana aiki tukuna, kada ka kulle kanka a waje.

Na ƙarshe, ka riƙa sabunta tsarinka. A Janairun 2021 kamfanin Qualys ya bankaɗo wata ɓaraka a sudo da ta kusa shekara 10 a ɓoye, wadda ke ba kowane mai asusu damar zama root.

Sunaye da lambobin mutane da ke cikin sabar nan amana ce a wuyanmu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.