Bakaniken Tsohuwar Fijo

A Zariya, ko Katsina, ko Gusau, in ka bi jerin motocin da aka ajiye a bakin masallacin Juma'a da kallo, da wuya ka rasa Peugeot 504 guda ɗaya, fara ko ruwan toka, a tsakanin motocin zamani. Fentinta ya ɗan kwanta, amma ƙofofinta na rufuwa daidai, fitilunta duk suna nan, kuma mukulli ɗaya take tashi. Mai ita yawanci dattijo ne, tsohon malamin makaranta ko ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya. Mutane kan yaba masa, su ce Baba ya iya riƙo. Ya iya kuwa. Sai dai akwai wani mutum da ba a gani a wurin, wanda in ba don shi ba da tuni 'yan gwangwan sun ɗora motar a sikeli. Shi ne bakaniken da ya san cikinta tun tana sabuwa.

A Faransa aka fara ƙera 504 a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. Amma mu nan daga Kaduna muka san ta. A 1975 kamfanin PAN da ke Kakuri ya fara harhaɗa motoci, kuma shekara da shekaru jiragen dakon kaya ne ke kwaso sassan daga birnin Lyon su sauke a filin jirgin Kano, manyan motoci su ƙarasa da su Kaduna. Abin ya zo daidai da kuɗin Udoji, lokacin da ma'aikata suka tsinci aljihunsu cike, gwamnati kuma ta mai da ita motar ofis. A Nijar wata hanya ta biyo: a wancan lokacin matasan Turawa kan tuƙo tsofaffin Fijo su ratsa Aljeriya, su bi ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit har Agadez, su sayar su koma gida a jirgi. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, Kaduna ta ci gaba har fiye da shekara 20 bayan haka. Shi ya sa aka sami kanikawa da suka yi rayuwarsu kaf a kan mota ɗaya, uba ya koya, ɗa ya gada.

Yanayinmu ya taimaka wajen daɗewar motar, wannan babu musu. A Turai ana watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, gishirin nan kuwa shi ke cinye ƙasan mota. A Ikko da Fatakwal iskar teku da danshi ke yin wannan ɓarnar. A Sakkwato ko Damagaram ƙarfe kan yi shekara 40 tsatsa ba ta huda shi ba. Amma abin da fari ya ƙyale, rana da ƙura ba sa ƙyalewa. Zafin bazara da ke haura digiri 40 yana tsattsaga dashbod, ya busar da robobin ƙofa da na gilashi, ya gasa tiyo har ya fashe. Hazon hunturu yana toshe abin tace iska, in an yi sakaci ƙura ta shige inji ta riƙa cin ringi a hankali. Jikin motar ne yanayi ya tsare. Sauran duk aikin hannu ne.

Injin 504 mai silinda huɗu ne, kusan lita biyu, a ɗan kishingiɗe gefe guda, kuma babu kwamfuta ko ɗaya a jikinsa. Kafireta ce ke haɗa mai da iska, koyil da kontak da filogi su ba da wuta. Don haka babu na'urar da za a jona ta faɗi ciwo, sai kunne da hanci da ido. Ƙwararren bakanike zai ce, "Alhaji, a tayar da ita," ya tsaya shiru yana sauraron silo. Yakan ɗora bakin dogon sukuddireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya bambance ƙarar tafet da ta sake da bugun da ke fitowa daga can ƙasa, wanda shi ne mugun labari. Ya zagaya baya ya dubi hayaƙin salansa: baƙi, mai ya yi yawa, shuɗi, tana ƙona baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya ɗumama, ruwa na shiga inda bai kamata ba. Ya kwance filogi ya karanta launin bakinsa. Kafin ya taɓa noti na biyu ya riga ya san inda za shi.

Abin da ya sa injin nan ya ƙi mutuwa yana cikin ƙirarsa. Ramukan da fistin ke kai da kawowa a ciki ba a jikin bulok aka huda su ba. Silif ne da ake zarewa a sa wani. Inji ya gaji, sai a sayo saitin silif da fistin da ringi, a mayar, ya koma kamar jiya aka fito da shi daga Kakuri. To amma a nan ne ake gane oga da mai kwaikwayon oga. Dole kowane silif ya zauna daidai da ɗan'uwansa, abin toshe ruwan da ke ƙarƙashinsa ya kwanta lafiya, sannan a ɗaure kan inji bi da bi, daga tsakiya zuwa gefe, da awo, ba da ƙarfin damtse ba. Wanda ya yi gaggawa, bayan kwana kaɗan mai mota zai zaro sandar awon baƙin mai ya tarar ya koma kamar kunun gyaɗa, ruwa ya haɗu da mai, aikin ya koma farko.

Akwai wata al'ada da ban yarda da ita ba, ko da yake ta yaɗu a gareji-gareji: mota na fara zafi sai a cire tamostat a jefar, a ce ai na ƙasar sanyi ne. Galibi ba shi ne mai laifin ba. Ruwan rijiya da na burtsatse da ake ɗura wa lagireto yana barin datti a cikin ƙananan bututunsa har su toshe. Bakaniken kirki yakan sa a buɗe lagireton a wanke shi bututu-bututu, ya duba famfon ruwa da fanbel da murfi. Injin da aka cire wa tamostat yakan daɗe bai ɗumama ba da safiyar hunturu, ya ƙara shan mai, ya ci kansa da wuri. Na lura kanikawan da motocinsu suka fi daɗewa su ne waɗanda ba sa saurin jefar da abin da maƙerin motar ya sa.

Bakanike ba shi kaɗai ke aikin ba. Gareji ƙaramin gari ne: ga fanel bita da gudumarsa da wutar walda, ga mai waya, ga mai fenti, ga mai ɗinkin kujeru, ga mai faci a bakin ƙofa. Kuma su ne suka fi kowa iya bambance tsohuwar motar da aka riƙe da amana da wadda aka yi wa kwalliya don kasuwa. Ƙyallin fenti ba ya ruɗinsu. Fanel bita zai bi jiki yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, inda aka cika da fila sautin yakan mutu, mayen ƙarfe ma ba ya kamawa a wurin. Zai dubi tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki, ko ta yi daidai sama da ƙasa. Zai ɗaga shimfiɗar ƙasa ta wajen ƙafar direba, ya leƙa ƙasan but, inda ruwan damina ke kwanciya in robar ta mutu. Zai dubi fedar kuloci da sitiyari, domin lambar tafiya ana iya juya ta, amma cin da ƙafa ta yi wa feda ba ya ɓoyuwa. Mai waya kuwa leƙa ƙarƙashin dashbod kawai zai yi. In ya ga wayoyi launi-launi a ɗaure yadda kamfani ya bar su, ya san hannu ɗaya ne ya riƙe motar. In ya ga ƙulle-ƙulle da salatif, ya san ta sha yawo.

Koyon sana'ar ba ya gajarta. Uba ne ke kawo yaro ya damƙa wa oga, ya ce ga amana. Yaron zai fara da share gareji, da wanke ƙarafa a cikin fetur, da aike, da miƙa sifana har ya san lamba 10 da 13 da 17 ba tare da ya duba ba. Sai ya daɗe kafin a bar shi ya kwance birki, ya fi daɗewa kafin a bar shi ya mayar. Kafireta ita ce ta ƙarshe, don ƙananan allurai da ramukan da ke cikinta ba sa son hannu mai rawa. Bayan shekaru a yi masa yaye, a yi addu'a, oga ya sa masa albarka, wani lokaci har da 'yan kayan aiki.

Yanzu wahalar ta koma wajen kayan gyara. A Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano har yau akwai shagunan da suka san Fijo, amma na asali ya yi ƙaranci, jabu ya cika kasuwa, sai mai ido ke tsira. Saboda haka kowane tsohon gareji na da gawar mota ɗaya ko biyu a baya, ana zarar wannan yau, gobe a zari wancan. Abin da ya gagara samu sai a ƙera: a yanka gasket daga takarda mai kauri ana bubbuga ta a jikin ƙarfen da ƙaramar guduma, a kai ƙarfe wurin masu injin fiƙe shi, a naɗa wa kik sabuwar waya. Masu raina wannan suna kiransa dabara. Ni a wurina ilimi ne cikakke, wanda babu littafin da ya tattara shi.

Wagon ɗin 504 da ta riƙe tashoshin mota shekaru da dama ta ba Golf da Sharan da Hiace wuri. Akori-kurar 504 ce ta fi taurin rai, tana nan a hanyoyin ƙauye ranar kasuwa, ta sha buhunan masara da albasa har bayanta ya sunkuya. Cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara matse su duka, domin mota mai kafireta ba ta wasa da mai. Dattawa da yawa sun lulluɓe nasu da tamfol. Kanikawa kuwa sun san ajiya ta fi tafiya kashe mota: fetur ya daskare a kafireta, robobin birki su bushe, ɓeraye su ci waya. Yaran gareji su ma sun karkata wajen motocin da ake jona wa kwamfuta, kuma ba na ganin laifinsu, can abinci yake.

Inda abin ke ba ni ciwo shi ne ranar rabon gado. Dattijo ya rasu, 'ya'ya ba mai son tuƙa motar, sai a kira bakaniken ya yi mata kuɗi. Ɗan gwangwan na tsaye a gefe, shi nauyinta kawai yake lissafi, fiye da tan ɗaya na ƙarfe. Bakaniken shi kaɗai ne a wurin ya san cewa injin nan sau ɗaya aka taɓa buɗe shi, kuma shi ya buɗe. Wani yakan roƙi magada su ɗan jinkirta ya nemo mai so, domin yanzu akwai matasa a Kano da Kaduna da Abuja da ke neman irin waɗannan motoci su gyara su riƙe. Wani kuwa, in yana da hali, sai ya ce, "Hajiya, a bar mini ita, zan biya kaɗan-kaɗan."