Madugun Da Ya Shekara 23 A Fagen Ƙwallon Amurka

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwa masu karatu labarin wani mutumin Amurka. Dalili kuwa, kwanan baya gardama ta tashi tsakaninmu akawuna, waɗansu suka ce mutum in ya ba shekara 30 baya, sai ya bar fagen wasa ya nemi inuwa. Ni da na riga na ba ta baya, maganar ta sosa mini rai.

Ƙwallon Amurka ba irin wadda muka sani ba ce. Siffarta kamar ƙwai, da hannu ake ɗaukarta, a jefa, a ruga da ita. Mutum 11 ne kowane gefe, filin kuwa yadi 100. Ana ba masu ƙwallo dama 4 su ci yadi 10, in sun kasa ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ke karɓarta da fari, ya duba fili, ya jefa wa wanda ya dace, shi ake kira kwatabak, amma ni madugu zan ce masa, gama shi ke jan ayari. Sakan 2 ko 3 kaɗai gare shi kafin ƙarti su faɗo masa, waɗansunsu nauyinsu ya kai laba 300. Saboda haka galibin masu wannan sana'a ba su daɗewa.

To, mutumin da nake nufi sunansa Tom Brady, an haife shi a Kalifoniya a 1977, ya yi karatu a Jami'ar Mishigan. A shekarar 2000, da ƙungiyoyi suka taru zaɓen sababbin 'yan wasa, aka gwada gudunsa, ya yi yadi 40 cikin sakan 5.28, watau nawa ƙwarai. Sai da aka ɗauki mutum 198, cikinsu har da madugai 6, sa'an nan ƙungiyar New England Patriots ta ɗauke shi. Shekarar farko kusan duk a zaune ya yi ta, yana kallo.

Ana nan, cikin Satumba 2001, madugun ƙungiyar, Drew Bledsoe, ya sha karo ya ji ciwo mai tsanani a ƙirji. Aka ce Brady ya riƙe kafin ya warke. Jama'a, riƙon ƙwarya ke nan ya zama sarauta! Bledsoe ya warke, amma mai horad da su, Bill Belichick, ya ƙi mayar masa da wurinsa. A Fabrairu 2002 suka ci wasan ƙarshe na ƙasa duka, wanda ake kira Super Bowl.

A ganina abin da ya daɗar da shi, aikin madugu na kai ne da dantse, ba na ƙafa ba. Masu zaɓe sun auna abin da tsufa ke fara ci, suka bar abin da shekaru ke ƙarawa, watau gane dabarar abokan hamayya tun ba su motsa ba, da sakin ƙwallo kafin a taɓa shi. Ga kuma tsare jiki: bisa ga faɗarsa, yana gudun sukari, yana kwanciya da wuri. Amma kada a ɗora duka a kan hazaƙarsa. Bayan da aka raunata gwiwarsa a wasan farko na 2008, har ya rasa shekarar ɗungum, sai hukumar wasan ta tsananta doka a 2009, ta hana wanda ya faɗi ƙasa ya kai wa ƙafafun madugu cafka. Dokar nan ta yi masa rana.

Ba kuwa za a ce rigarsa ba tabo ba. A 2016 an dakatad da shi wasa 4 bisa zargin rage iskar ƙwallo, ko da yake shi ya musa. Cikin kakar nan ce kuma, a Fabrairu 2017, Atlanta Falcons suna gaba da 28 da 3, ya jawo mutanensa suka ci 34 da 28.

A 2020 ya bar Patriots bayan shekara 20, ya koma Tampa Bay Buccaneers, ya ci Super Bowl na 7 yana da shekara 43. Sau 10 ya je wasan nan, aka ka da shi sau 3.

A Fabrairu 2022 ya ce ya bari, bayan kwana 40 ya komo. Ni dai da ya tambaye ni, da na ce masa ya zauna, gama kakar nan ƙungiyarsa ta ci wasa 8 aka cinye ta 9, abin da bai taɓa faruwa ba tun da ya zama madugu. Ran 1 ga Fabrairu 2023 ya bari ke nan, yana da shekara 45.

Wani abokin aikina ya ce ai George Blanda ya fi shi, tun da ya yi wasa daga 1949 zuwa 1975, har ya kai shekara 48. Gaskiya ne, amma a ƙarshen zamaninsa Blanda yawanci bugun ƙwallo da ƙafa yake shiga ya yi, ya fita. Brady kuwa har ranar da ya bari shi ke tsaye a bayan sahu, ƙartin nan na neman sa.

Ni ne naka,
Wani Akawu.